Ƙofofin Sienna sun ƙi: a yanke igiya ko a gyara?

Baban_Ummi_Garwa:
Assalamu alaikum jama'ar gida. Shawara nake nema kafin in yanke hukunci. Ina da mota Toyota Sienna ƙirar 2008, shekara uku ke nan tana hannuna. Ƙofofin gefen nan biyu masu zugewa da kansu su ne suka sa ni a gaba. Ta dama tun ƙarshen damina ta fara wata ƙara kamar ana niƙa tsakuwa. Yanzu in na danna maɓalli sai ta buɗe kamar taƙi biyu, ta tsaya, ta yi kuka, ta koma ta rufe. Ta hagu kuma salonta daban: in na danna, ko a cikin mota ko a jikin makulli, ina jin kukan amma ko motsi ba ta yi. Sai an ja hannun ƙofar, sannan ta ɗauka ta zuge da kanta lafiya lau. Makanikena ya ce in daina wahalar da kaina, ya yanke igiyoyin ƙarfen da ke jan ƙofofin duka biyu su koma na hannu. Abin da ya hana ni amsa masa shi ne mahaifiyata. Ni nake kai ta asibiti duk bayan sati biyu, hannunta ba ƙarfi, ga yara huɗu da ake kaiwa makaranta. Don Allah wanda ya san kan abin nan ya taimaka.

Direban_Falez:
Wa alaikumus salam. Alhaji, makanikenka gaskiya ya gaya maka. Shekara shida ina jigila tsakanin Garwa da Ngaundere da irin motar nan, ranar da ta zo hannuna ranar na sa aka yanke. An yi ƙofar ne don titin Amurka, ba don ƙurarmu ba. Ka yanke ka huta.

Metir_Domayo:
A'a, kada a yi saurin kai almakashi. Alhaji Baban Ummi, cuta biyu ce a motarka, kuma ba maganinsu ɗaya ba. Ta hagu ma igiyarta lafiya take, tunda ka ce in an ja hannu tana tafiya da kanta. A cikin ƙofar akwai wani ɗan ƙaramin inji, bai kai kwalin ashana biyu ba, aikinsa kawai ya saki sakata idan ka danna maɓalli. Shi ne ya mutu ko ya raunana. Lokacin da ka ja hannun ƙofa, kai ka yi masa aikinsa, shi ya sa babban injin yake ɗauka. Wannan matsala sananniya ce a Sienna daga ƙirar 2004 zuwa 2010. Idan aka yanke igiyar wannan ƙofa, an kashe mai lafiya an bar majinyaci.

Ta dama kuwa, ga abin da za ka yi yau ba tare da ka kashe ko dala ba. A gefen hagu na sitiyari, ƙasa-ƙasa wajen gwiwarka, akwai maɓallin da ke kashe wutar ƙofofin gaba ɗaya. Kashe shi, ka zuge ƙofar da hannu a hankali, daga rufe har ƙarshe. Idan ta tafi sumul, to matsalar wuta ce. Idan ka ji nauyi ko ta cije a wani wuri, to ƙarfe ne, ba wuta ba. Sannan ka buɗe ta rabi, ka kama ƙarshenta ta baya ka ɗaga sama. In ka ji tana wasa, ƙaf-ƙaf, rulman tsakiya, wato 'yar tayar da ƙofar ke birgima a kanta a layin tsakiya, ya tafi. Ka dawo ka gaya mana.

Maman_Sadik:
Ni dai kafin a kai ga kwance mota, a duba ƙananan abubuwa. Tamu ta taɓa yin kwana uku ƙofar hagu ta ƙi, har mun kira mai wayarin, ashe yaron gidan mai ne bai tura murfin tanki ya kama sosai ba. Motar ba ta yarda ƙofar hagu ta zuge in murfin mai yana buɗe, don kada ta buge shi.

Metir_Domayo:
Hajiya ta faɗi gaskiya, na gode da tuni. Haka kuma in giya ba ta kan P ƙofar ba za ta buɗe da wuta ba. Kuma in gilashin ƙofar yana sauke, ba ta kaiwa ƙarshe, da gangan aka yi don kada ta datse kan yaro ko hannunsa da ya leƙo. Amma ta Alhaji tunda tana tafiya in an ja hannu, ba murfin mai ba ne.

Ɗan_Kuseri_88:
Nawa ganin, robar nan ce ta bakin ƙofa. Akwai abin da ke jin taɓi a cikinta, in ya lalace sai ƙofa ta ɗauka ta matse mutum, ta koma. Tawa haka ta yi, roba aka canza.

Mai_Wayarin_Tongo:
Ɗan Kuseri, ka sake karanta bayanin Alhaji. Robar da kake faɗa tana gaban ƙofa ne, kuma aikinta lokacin rufewa yake. Taka na tabbata tana zuwa rufewa ne take komawa baya. Tasa wajen buɗewa take tsayawa. Kwamfutar ƙofar tana lura da gudun injin. Da zarar ta ga gudun ya ragu fiye da ƙima, sai ta ɗauka wani abu ya tare hanya, ta juya. Ita ba ta san bambancin ƙafar yaro da mataccen rulma ko yashi a layi ba, nauyi kawai take ji. Ga kuma ƙarar niƙan da ya ambata tun damina. Roba ba ta ƙara.

Wani abu da nake so a ƙara: a auna batir. Mota a kashe ta kwana, batir mai lafiya yana nuna wajen volt 12.6. In ka ga ya sauko 12.0 ko ƙasa, ya yi rauni. In inji yana aiki ya kamata ka ga tsakanin 13.8 da 14.4. Zafin Garwa na watan Maris da Afrilu, da yake wuce digiri 40, yana cin batir fiye da yadda mutane suke zato. Sau da yawa an kawo mini mota ƙofa tana wasa, in tayar da inji ta yi aiki daidai, in kashe ta ƙi. Wannan batir ne, ba ƙofa ba.

Ɗan_Kuseri_88:
Haka ne Malam, tawa wajen rufewa ce. Na karɓi gyara.

Kawu_Liman:
Ni tambaya gare ni ga masu cewa a yanke. In an yanke, ƙofar tana kullewa da kyau kuwa? Domin abin da nake tsoro ke nan, mota cike da jikoki a kan hanyar Fitowa.

Direban_Falez:
Kawu, tana kullewa. Igiya ja kawai take yi, ba ita ke riƙe ƙofa ba. Sakata ce ke riƙewa. Har ma abin nan da ke ƙarasa jawo ƙofa ta manne in ka kawo ta bakin rufewa yana nan yana aiki, ko ka kashe maɓallin.

Metir_Domayo:
Wannan gaskiya ne, kuma shi ya sa nake gaya wa iyaye su kula da yatsun yara ko da ƙofar ta koma ta hannu. Amma Direba, ga inda muka rabu da kai. In rulman tsakiya ne ya mutu, yanke igiya bai warkar da komai ba. Ƙofar nan nauyi gare ta, kuma kusan duk nauyin bayanta a kan wannan rulman yake. Ka yanke igiya, ƙofa ta ci gaba da sunkuyawa, ta fara goge fenti a jikin mota, ta cinye layin da take bi, wata rana sakatar baya ta daina haɗuwa daidai. Na ga wadda ƙofarta ta sauka daga layi a cikin tasha a nan Marwa, mutum uku suka tallabe ta. Ko za a yanke, a canza rulma tukuna. Kuma bari in faɗi abin da ke cin igiyar tun farko. A wannan ƙirar injin yana cikin ƙofar ne, igiya tana fitowa ta bi ta kan ƙananan tayoyi a jikin hannun rulman nan, ta kama a ƙarshen layi gaba da baya. In rulma ya sake, igiya sai ta riƙa gogar ƙarfe a karkace. Robar da aka lulluɓe ta da ita ta tsage, ruwa ya shiga, tsatsa ta kama, silin ƙarfen su fara tsinkewa ɗaya-ɗaya. Wanda ya sa sabuwar igiya ya bar tsohon rulma, zai dawo garaji.

Usta_Njamena:
Salamu alaikum mutanen Kamaru. Mu a nan Njamena babban abokin gabar ƙofar nan giris ne. Mutum ya ji ƙara sai ya ce wa yaro ya cika layin da baƙin giris. Kwana biyu iska ta taso, yashi ya manne, ya zama kamar takardar goge katako, rulma na birgima a ciki safe da yamma. Ni abin da nake yi, in wanke layukan nan uku, na sama da na tsakiya da na ƙasa, da tsohon buroshin haƙori da tsumma, su bushe, sannan in fesa man silikon kaɗan a kan rulman kansa, in goge abin da ya zuba. Layin ƙasa shi ya fi tara shara: ƙwallon dabino, bawon gyaɗa, murfin kwalba, har kuɗin ƙarfe na sha cirowa. Lokacin hunturu duk sati biyu ya kamata a share.

Hajiyar_Sabongari:
Usta, Allah ya saka. Wallahi direbanmu giris yake lafta mata. Yau zan hana shi.

Baban_Ummi_Garwa:
Na dawo, jama'a. Na yi yadda Metir ya ce. Da na kashe maɓalli na ja da hannu, daidai inda take tsayawa nan ta cije, sai da na sa ƙarfi. Na ɗaga bayanta, tana wasa sosai, kuma sai yau na lura da wani dogon zane a fenti ƙasan gilashin baya. Na haska layin tsakiya da fitilar waya, na ga robar igiyar ta ɓare a wuri guda, silin ƙarfe biyu ko uku sun miƙe tsaye. Batir kuma mai wayarin na unguwarmu ya auna, 12.5 ya nuna. Giris ɗin da Usta ya faɗa ma yana nan cunkus da yashi.

Metir_Domayo:
To Alhaji, daga yanzu kada ka sake danna wa ta dama wuta. Bar maɓallin a kashe. In igiyar nan ta tsinke tana cikin aiki, sai ta cukuikuye a kan abin naɗinta a cikin ƙofa, ƙofa ta maƙale rabi a buɗe, ba gaba ba baya. Gara ka same ta a garaji da ka same ta a bakin asibiti da Inna a ciki.

Ɗan_Kasuwa_Mubi:
Alhaji, in kaya kake nema, ana samu. Na cirewa daga motocin da aka farfasa suna zuwa daga Ladipo a Legas da Ƙofar Ruwa a Kano, su biyo ta Yola ko Mubi. Ta ɓangarenku kuma akwai Kam Yabasi a Duwala. Sai dai ka kiyaye abu biyu. Na dama da na hagu ba ɗaya ba ne, kuma na ƙirar 2004 zuwa 2010 ba ya shiga ta 2011 zuwa sama. Kada ka dogara da shekarar da ke kan takardar mota. Duba lambar jikin mota mai harafi 17 da ke ƙasan gilashin gaba wajen direba, na goma a jere shi ke nuna shekara. In taka 2008 ce da gaske za ka ga 8.

Mai_Wayarin_Tongo:
Ina da ja a kan igiyar cirewa. Inji na cirewa ban ƙi ba, yana daɗewa. Amma igiyar da aka ciro daga motar 2008 sa'ar wadda ta lalace ce, shekarunsu ɗaya, robarta ta bushe kamar yadda tasa ta bushe. Rulma ma haka. Waɗannan biyun a sayi sabbi. Ana sayar da igiyar ita kaɗai ba tare da inji ba, sai dai naɗa ta yana son haƙuri da wanda ya taɓa yi.

Ɗan_Kasuwa_Mubi:
Malam, sabbin da ke kasuwa fa ba duka ne na kirki ba. Akwai wadda ba ta shekara. Tsohuwa ta asali mai lafiyar roba ta fi sabuwa ta jabu.

Mai_Wayarin_Tongo:
Ban musa ba. To a lanƙwasa ta a hannu a duba kafin a biya, ko tsohuwa ko sabuwa. In robar ta nuna tsaga ko ɗaya, a ajiye.

Malama_Founange:
Ina bin zancen nan tun safe. Na taɓa jin cewa kamfanin Toyota da kansa ya janye motocin nan saboda ƙofa. Shin ba za a iya neman su gyara kyauta ba?

Injiniya_Rumde:
Malama, abin ya faru, amma bai shafi motar Alhaji ba. A watan Nuwamba na 2016 Toyota ta yi kiran Sienna kimanin 744,000 a Amurka, ƙirar 2011 zuwa 2016. Dalilin shi ne, in wani abu ya hana ƙofa buɗewa, kamar ƙanƙara a ƙasarsu, injin yana jan wuta fiye da ƙima har fizibil, wato fis ɗin wuta, ya ƙone, kuma in hakan ya faru sakata ba ta gama kamawa ba, ƙofa tana iya buɗewa ana cikin tafiya. Motocin nan a jihar Indiyana ake haɗa su don kasuwar can, mu kuwa hannu na biyu ko na uku suke iso mana ta Kwatano ko Duwala. Wanda yake da ƙirar waɗannan shekaru zai iya sa lambar jikin motarsa a shafin Toyota na Amurka ya ga ko an yi mata gyaran kafin ta baro can.

Abin da ya fi damuna a nan shi ne al'adar nan ta ɗaura silin waya a madadin fizibil. Na ƙofofin nan an rubuta musu PSD, na dama daban na hagu daban. In ya ƙone, akwai abin da ya ƙona shi, yawanci ƙofa ce ta yi nauyi. Ka sa waya, ka cire mai gadi, sai inji ko wayarin mota su ƙone a madadinsa. A mayar da mai lamba daidai da wanda aka cire, a nemi dalilin.

Direban_Falez:
Duk na ji, kuma maganar rulma na yarda da Metir, gobe zan duba tawa. Amma ku masu cewa a gyara, motar gida kuke magana. Ni fasinja nake ɗauka. Mutum ya sauka a Mbe, kafin ka ce masa bari ya riga ya finciki ƙofa da ƙarfinsa duka yana kokawa da inji. Sau ashirin a rana. Wace igiya ce za ta jure? Motar haya dai ta hannu ta fi mata.

Kawu_Liman:
Wannan ma magana ce. Kowa da irin aikin da motarsa take yi masa. Alhaji dai saboda mahaifiya yake so, kuma wannan dalili ne babba. Allah ya ba Inna lafiya.

Maman_Sadik:
Amin. Ni ma saboda yara na ƙi a yanke tamu. Ƙofar gidanmu gangare ce, yarinya 'yar shekara bakwai ba ta iya turo ƙofar nan sama da hannu, in kuma ta sake ta sai ta taho da gudu.

Abban_Hanifa_Mundu:
A gafarce ni in shigo da tawa. Honda Odyssey ce ƙirar 2007, ita ma ƙofar dama tana ƙara tana tsayawa. Duk abin da aka faɗa ya shafe ta?

Metir_Domayo:
Gwajin iri ɗaya ne: kashe wuta, ja da hannu, ɗaga baya ka ji. Ita ma rulman tsakiya ne ya fi ba ta wahala. Bambancin, injin Odyssey ba a cikin ƙofa yake ba, yana jikin mota ta baya, bayan rufin ciki na gefen kujerun ƙarshe. Kada makanike ya kwance maka ƙofa yana nemansa.

Baban_Ummi_Garwa:
Jama'a, ga inda aka kwana bayan sati guda. Ta hagu ta tashi. Kamar yadda Metir ya faɗa, ɗan injin sakin sakata ne. An samo na cirewa a nan Garwa, aka buɗe rufin cikin ƙofa aka sa, yanzu ko daga nesa na danna tana buɗewa. Jiya Inna ta shiga ta wannan gefen ba wanda ya taɓa ƙofa. Ta dama an canza rulman tsakiya, an tallafe ƙofar da jak da katako, mutum biyu suna riƙe, kuma makaniken ya zana wurin kusoshin kafin ya kwance don ta koma daidai. An wanke girisin nan tas. Yanzu da yatsa biyu nake zuge ta. Igiyar ce ban yanke shawara ba. An cire tsohuwar daga layi saboda silin da suka miƙe. Makanike ya ce in bar ta haka tunda ɗaya tana aiki, ni kuma raina yana son ta dama, don ita ce gefen da yara suke sauka ba a cikin titi ba. Wani abu kuma, da aka mayar da kan batir ta hagun ta ƙi aiki, har gabana ya faɗi, sai daga baya ta dawo da kanta.

Mai_Wayarin_Tongo:
Ba da kanta ta dawo ba, Alhaji, wani ya rufe ta da hannu har ta kama. In an cire batir kwamfutar tana mance inda ƙofa take, sai an rufe ta ruf da hannu sau ɗaya take gane wurinta. Game da ta dama, tunda babu igiya a kanta, a zare fizibil ɗinta na PSD ko a cire soket ɗin injinta, don in ka kunna babban maɓalli saboda ta hagu, kada yaro ya danna ta dama inji ya yi ta juyi a banza. Bayan an zare a gwada a tabbatar tana kamawa sosai in an rufe.

Direban_Falez:
Ka ga ke nan rabin shawarata aka bi. Na duba tawa kuwa, rulman dama yana wasa. Metir, in na shigo Marwa ranar Laraba zan biyo.

Metir_Domayo:
Sai ka zo, amma da safe, kafin rana ta yi zafi a kan ƙarfe.

Hajiyar_Sabongari:
Usta na Njamena, man silikon ɗin nan da ka ce, a wajen masu kayan mota ake samu ko wajen masu kayan gini? Na aiki yaro kasuwa ya dawo mini da na kwance tsatsa, ya ce wai duk ɗaya ne.

Usta_Njamena:
Ba ɗaya ba ne, Hajiya. Na kwance tsatsa wanki yake yi, ya bushe ya bar rulma ba mai. Wajen masu kayan mota za a tambaya, a karanta jikin gwangwanin a ga an rubuta silikon.

Baban_Ummi_Garwa:
Ɗan Kasuwa, na duba lambar, harafi na goma 8 ne. Don Allah ka tambayar mini kuɗin sabuwar igiyar dama ita kaɗai, da kuma na inji da igiya a haɗe, in kwatanta kafin ƙarshen wata.